Majanyin da Na Bari a Tsibirin Putuo

Tun da na dawo daga ƙasar Sin ban huta da tambaya ba. Matan Islamiyyarmu ta Tarauni sun tambaya, masu zuwa barka da sauka sun tambaya, har mai Adaidaita Sahun da ke kai ni kasuwa ya so ya ji ko da gaske ne mutanen can suna cin maciji. Maman Blessing kuwa, maƙwabciyata 'yar Kafanchan da ke aikin nas a asibitin koyarwa, ba ta wuce ƙofata ba tare da ta leƙo ta ce, "Hajiya, har yau ba ki ba ni labarin ruwan nan ba fa." Kowa ina ce masa lafiya lau, alhamdu lillahi, in miƙa masa tsarabarsa. Ba ƙarya nake yi ba, amma ba shi ke nan ba. Sai na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya in tura masa, domin akwai inda in na zo a labarin muryata ba ta fita.

Wanda na je wurinsa ɗana ne na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, tunda ban taɓa kama shi ba tun ranar suna. Yayansu nake cewa, yadda nake faɗa wa ƙannensa. Karatu ya kai shi Sin, ya gama bai dawo ba, ya zauna a wani gari mai suna Yiwu yana haɗa wa 'yan kasuwar Kantin Kwari kaya yana turo musu. A can ya auri 'yar ƙasar, ta musulunta, aka sa mata Maryam. Sun daɗe Allah bai ba su haihuwa ba. Azumin Litinin da Alhamis nawa na yi a kan maganar, Allah kaɗai ya sani, shi dai ban taɓa gaya masa ba. Da rabo ya zo, namiji, aka mayar masa da sunan Malam, marigayi maigidana. Kun ga shi ma sunansa ya fi ƙarfin bakina. Halifa muke ce masa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Yayen Halifa ne ya matso. Lokacin da aka yaye Yayansu, a ranar aka ɗauke shi aka kai shi Daurawa wurin kakarsa, bai dawo gabana ba sai da ya shiga sakandare. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Manya suka ce in yi haƙuri, ni ma wata rana za a kawo mini nawa. Na riƙe maganar nan kamar yadda na riƙe majanyin saƙin da na goye shi da shi, a ƙasan akwati, da ɗan ƙullin kanumfari don asu. Kafin in tafi sai da na sayi 'yar katifa da gidan sauro na shimfiɗa a gefen gadona a gidanmu na Gyadi-Gyadi.

Ni ba zan iya buɗe baki in roƙi ɗan fari abu irin wannan ba. Shi ya sa aka shirya tafiyar da Yaya Asabe, yayar Malam, wadda ba ta jin nauyin kowa. Ta ce, "Ke dai ki zauna ki yi ta murmushinki. Ni zan ce masa, kai, yaron nan na Gyadi-Gyadi ne da zarar ya bar nono. Ya isa ya musa mini? Ni na yi masa wankan kaciya." Mun je Abuja tare, an ba mu biza tare. Ana saura kaɗan mu tashi santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ƙugu ya karye. Na je duba ta, ta kama hannuna tana cije leɓe ta ce, "Binta, ki buɗe baki fa. Can ba Kano ba ce." Na ce to.

Daga Kano muka sauka Addis Ababa, muka yi zaman jira, aka sake ɗora mu a wani jirgin. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya 'yar kasuwa da ta saba hanyar. Ita ta nuna mini yadda ake kulle banɗakin jirgi, bayan na shiga na kasa, wani Bature ya turo ƙofa na saki salati har ma'aikatan suka taho a guje. Ta ga ƙullin kayana ta ce, "Hajiya, me kika ƙunso haka?" Na ce kilishi ne da man shanu da daddawa. Ta yi dariya har da tafa hannu. "Wallahi kin yi wa karen Shanghai tsaraba."

Haka kuwa aka yi. Da muka sauka Shanghai, wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi tashi. 'Yan kwastan suka buɗe da safar hannu. Kilishi ya tafi, man shanu ya tafi. Da wata yarinya a cikinsu ta kwance ledar daddawa sai ta ja da baya ta toshe hanci ta kira wani, shi ma ya kira wani, suka tsaya suna duban ƙwallayen kamar za su fashe. Ni ba yare, su ba Hausa. Na yi musu alamar miya da hannu, ba su gane ba. Kuka da yaji kawai suka bar mini. Yarinyar ta ɗaga majanyin ta juya shi, sai ta ninke shi da kyau ta mayar.

A bakin fita na hango Yayansu. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu, kamar Malam ya dawo. Ya taho da sauri hannuwa a buɗe, irin yadda na ga mutanen wurin suna yi da nasu. Na kawar da kai na ce, "An zo lafiya?" Hannuwan suka sauka a hankali. Maryam ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Umma," da Hausarta mai tsalle-tsalle, na ɗago ta na sa mata albarka. A bayanta wata 'yar gajeriyar tsohuwa ce, gashi a yanke, sanye da wando, tana rungume da yaro. Mahaifiyar Maryam ke nan. Waifo suke ce mata, wato kaka ta wajen uwa. Ni kuma aka ce Nainai ce, kaka ta wajen uba.

Maryam ta karɓo Halifa ta ɗora mini. Goshin Malam ne sak, idanu kuma nasu. Ya dubi baƙar fuska a cikin hijabi ya tsala ihu. Na ga hannuwan tsohuwar sun biyo shi ba ta ma sani ba. Na ce, "A ba ta shi, ya fi sabawa da ita." Abin da kowace mace mai tarbiyya za ta yi ke nan a gaban surukarta.

Jirgin ƙasan da ya kai mu Yiwu gudunsa ya wuce misali, amma ruwan da ke kofi ko motsi bai yi. Gidansu yana can sama a wani dogon bene, in na leƙa taga sai jiri ya ɗebe ni. Abin da ya fi ba ni mamaki, baƙuwa ta zo daga wata duniya, amma ko maƙwabci ɗaya bai shigo ya ce sannu da zuwa ba, balle a aiko da kwanon abinci. A lif za ku haɗu da mutum kafaɗa da kafaɗa, kowa ya zuba wa wayarsa ido. Amma da yamma sai ka ga tsofaffi sun fito fili sun kunna kiɗa suna rawa a jere, mata sa'o'ina da waɗanda suka girme ni, ba kunya ba komai. Ruwan sanyi ba sa sha, kome zafin gari sai a miƙo maka ruwan zafi zalla. Cin abinci da tsinkaye biyu kuwa na gwada, loma ta tashi ta faɗa cikin kofin Waifo, daga nan aka nemo mini cokali. Akwai Musulminsu masu fararen huluna da ke sayar da taliya, suna jan ƙullin da hannu har ya zama zare. Ranar da ɗayansu ya ce mini assalamu alaikum sai da na ji hawaye.

Gaskiya ba zan ci haƙƙin Waifo ba. Kafin in zo ta sayi sabbin tukwane da wuƙa don kada abin da ba na ci ya taɓa abincina. In na tayar da salla sai ta kashe talabijin ta yi tafiya da yatsun ƙafa. Ita ma tana da nata: wani ɗan kanta a ɗakinta, da mutum-mutumin wata mace fara, da lemo a faranti, da turaren tsinke. Nakan kawar da ido in na wuce.

Halifa ya fara sabawa da ni. Yana jan carbina, yana leƙa ƙarƙashin hijabina, ina ce masa angona mai rowa, ko cefane babu. Amma duk lokacin da ya yi kuka muka miƙa hannu tare, ni nake janye nawa. In Maryam ta kawo mini shi tsohuwar na zaune, sai in ɗan riƙe in miƙa mata. Ina jira ta ce a'a, ki riƙe, kin zo daga nesa. Sai ta karɓa kawai ta yi murmushi. Majanyin yana cikin jakar hannuna duk inda muka je, ina neman ranar da zan fito da shi. Yayansu yana fita da safe ya dawo da yamma, ya gaishe ni, in amsa ina duban bango. Kwanaki suna tafiya, ban ta da maganar ba.

Ana nan sai ya ce za a kai ni ganin teku, wani tsibiri mai suna Putuo, Waifo ce take son zuwa. Ban tambayi kome ba. Muka hau mota, muka bi ta kan gadoji masu tsawon da ba ka ganin ƙarshensu, ruwa ta ko'ina, ina ta karanta duk addu'ar da na sani. Daga nan sai jirgin ruwa. Maman Blessing, maganin jirin da kika ba ni yana cikin akwati a Yiwu, can na manta shi. Tafiyar ba ta da tsawo, amma ta ishe ni in mayar da duk abin da na ci. Waifo ta riƙe mini kai, ta shafa mini wani mai mai yaji a goshi, ta tura mini citta a baki tana ta magana da yarensu kamar mai lallashin yaro.

Da muka sauka na gane ba wurin shan iska ba ne kawai. Wurin ibadarsu ne, na mabiya Buda. Tsofaffin mata ne rukuni-rukuni, kowane rukuni da hula iri ɗaya da jaka ruwan ɗorawa a rataye, jagora yana gaba da 'yar tuta yana ƙirga su. Astagfirullah, ba haɗawa nake ba, amma sai da na tuna da mu a sansanin alhazai, da jakarmu iri ɗaya da tsoron ɓata. A tsakaninsu ga 'yan mata masu gajerun kaya suna ɗaukar hoto, da limamansu masu aski ƙwal da doguwar riga, wani ma yana latsa waya. Hayaƙin turare ya cika ko'ina har yana shiga ido. Can bakin ruwa ga wani ƙaton mutum-mutumi na tagulla, ya fi hasumiyar masallacin unguwarmu tsawo, mace ce tana fuskantar teku. Ita ce dai ta kan kantar Waifo. Gwanyin suke kiranta, wai mai jin kukan mutane, kuma wurinta masu neman haihuwa suke zuwa.

Ni ma na zama abin kallo. Wasu tsofaffi suka kewaye ni, wannan ta taɓa hijabina, waccan ta kama hannuna tana goga lallen da yatsa ko zai fita. Aka yi ta ɗaukar hoto da ni ba wanda ya nemi izini. Waifo ce ta kore su da faɗa, ta saƙala hannunta a nawa kamar ta ce wannan tawa ce.

Akwai wani tafki cike da kifaye da kunkuru, aka ce mutane ne ke kawo su su saka, sadakarsu ke nan, a 'yanta rai. Na ce mu tsaba muke watsa wa tsuntsaye. Abinci kuwa a nan na fi sakin jiki, don kusa da ɗakunan bautarsu ba a dafa nama. Aka kawo wani farin abu a miya, na ɗanɗana na ce, "Ai wannan awara ce!" Awara sak, irin ta bakin makarantar firamare, sai dai ba suya ba yaji. Na ciro ƙullin yajina na barbaɗa. Waifo ta lasa, ta yi ta tari tana dariya tana dukan kafaɗata. A masaukin da muka kwana, da na duba alƙibla a waya, sai ga hoton matar nan a bangon da zan fuskanta. Na rufe shi da ɗankwali na yi sallata. Da safe mai shara ta gani ta cire ɗankwalin, ta ninke ta ajiye mini a kan filo.

A wurin karin kumallo ne abin ya faru. Muna shan kunun shinkafarsu marar sukari, Halifa yana cinyar Waifo. Yayansu ya ajiye tsinkayensa ya ce, "Umma, akwai magana."

Na ce, "Ina ji," ina duban kwanona.

"Maryam za ta koma aiki in an yaye Halifa. Ni kuma kin ga yadda nake, kullum ina kasuwa ko wurin lodi. Dole a samu wadda za ta riƙe shi, shekara ɗaya ko biyu. Waifo ta ce tana so ta tafi da shi ƙauyensu." Ya ƙara da cewa, "Na ce ba zan yanke ba sai na ji daga bakinki. In kina so, mu kawo miki shi Kano."

Ga abin da na ƙetare duniya dominsa an ajiye mini a kan tebur. Amma ku da kuka san mu, ku duba yadda aka ajiye shi: daga bakin ɗan fari, kai tsaye, a gaban matarsa, a gaban surukata tana riƙe da yaron tana dubana. A Kano ba a tambayar kaka irin wannan, kawo mata ake yi. In ma an tambaya, sai ta ƙi, a matsa, ta sake ƙi, a ce wallahi ba mai riƙe shi sai ke, sannan ta ce to, yadda kuka gani.

Na ce, "Ai duk ɗaya ne. Ita ma kakarsa ce, ita ta sha wahalarsa. A bar mata."

Ya daɗe yana dubana, ina jin idonsa a gefen fuskata. "Haka kika ce, Umma?"

Na ji daɗi a raina, na ce ga shi ya fara matsawa. "Haka na ce mana."

Na gyara zama ina jiran ta uku. Na riga na shirya amsata. Sai na ji ya juya yana magana da yarensu.

Tsohuwar ta miƙa yaron ga uwarsa, ta zagayo teburin, ta kama hannuwana biyu ta ɗora a goshinta tana kuka. Maryam ta sunkuyar da kai, ban ga fuskarta ba. Ni kuwa murmushin da Yaya Asabe ta ce in yi, shi na yi ta yi.

Bayan nan aka ce za a hau dutse. Matakala ce ta duwatsu, tana ta miƙewa cikin itatuwa. A gefe ga mutane suna hawa da wata irin wahala: taku uku, su zube su kai goshi ƙasa, su tashi, taku uku, su sake zubewa. Har da wata mai furfura fat, gwiwoyin wandonta sun yage. Waifo ta nuna ta, ta nuna kanta, ta naɗe ƙafar wandonta ta nuna mini gwiwoyinta, duk tabo, baƙi ƙirin kamar na mai daka a durƙushe. Maryam ta ce a hankali, "Mama, haka, don Halifa." Na dubi gwiwoyin nan na tuna da azumina. Na so in ji haushinta, na kasa.

Ba mu yi nisa ba yaron ya ƙi tafiya, ya ƙi uban, Waifo ta ɗauke shi a hannu tana haki, fuskarta ta yi ja. A nan ne na buɗe jaka. Na kwance zanen da na ɗaura a kan doguwar rigata, na sunkuya, na ce a ɗora mini shi. Na ja zanen na ɗaure, na kawo majanyin na tamke. Ya yi ɗan mutsu-mutsu, sai ya kwantar da kumatunsa a tsakanin kafaɗuna ya yi luf. Ɗuminsa ya ratsa ni. Nauyinsa daidai da na ubansa ranar da aka zo ɗaukarsa. Mutane suka tsaya suna nunawa, Waifo tana zagaya ni tana duba ƙullin tana jinjina kai. Ni da gwiwata ke ciwo in na hau benen asibiti, ban san lokacin da na kai saman dutsen nan ba.

A ƙofar wani babban ɗakin bauta mai jan bango muka tsaya. Waifo ta sayi turare ta dawo ta miƙo hannuwa.

Na ce, "Me za ta yi?"

Yayansu ya sosa ƙeya. "Alkawari ta ɗauka, Umma. A al'adarsu in ka roƙa a nan ka samu, dole ka dawo ka yi godiya, ka nuna abin da ka samu. Shi ya kawo mu."

"Ciki za a shiga da shi?"

"Yanzu za ta fito. Ni da Maryam ba ma shiga. Yaro ne, bai san kome ba."

"Allah ne ya ba da shi."

"Na sani, Umma. Ita ba ta sani ba."

Yaron yana bayana, ƙullin yana hannuna. Da na juya na sauka da shi ba wanda zai iya ƙwace shi. Amma da wane baki, ni da na ce a bar mata tun kunu bai huce ba? Na kwance majanyin. Kafin in miƙa shi na kai bakina kunnensa na faɗa masa kalmar shahada, na maimaita, yana dariya don numfashina yana yi masa cakulkuli. Ta karɓe shi ta tsallake dokin ƙofar, hayaƙi ya rufe su. Ashe ni na hawo mata da shi a bayana. Na zauna a kan wani dutse na ba ƙofar baya ina jan carbi, wasu 'yan mata suka zo suka ɗauki hoto da ni.

Da suka fito akwai jan zare a wuyan hannunsa. Waifo ta nuna majanyin, ta nuna bayanta, ta sunkuya. So take in koya mata. Na ɗora mata shi, na nuna mata yadda ake tura ƙafafun, yadda ake ɗaurewa a kan ƙirji. Ita ta sauko da shi. Da muka iso ƙasa ta fara kwancewa za ta ba ni, na ce ta riƙe. A wannan karon da gaske nake. Gwiwoyinta ba za su iya ɗaukar yaro a hannu ba.

A jirgin ruwa na dawowa na samu Yayansu shi kaɗai a jikin ƙarfen gefe. Na tsaya kusa da shi ina duban ruwa. In ba gaisuwa ba, ban taɓa fara yi masa magana ba sai ranar.

"Kai ba a Gyadi-Gyadi aka haife ka ba?"

"A Daurawa na tashi, Umma."

Na haɗiye wannan. Na ce, "Ka san abin da mace take nufi in ta ce a bar wa wata."

"Na sani a wurin wasu matan. A wurinki ban sani ba." Muryarsa ba ta faɗa ba ce, da ma faɗan ya yi. "Tun da kika zo, duk lokacin da aka miƙo miki shi sai ki mayar. Maryam har kuka ta yi, ta ce ko don idonsa irin nasu ne. Na ce mata kara ce, haka ake yi a wurinmu. Ina faɗa mata, ni kaina ban tabbata ba. Ranar da aka kai ni Daurawa ma an ce ba ki ce kome ba."

"Me zan ce? Wa ya tambaye ni?"

"To ni na tambaye ki. Har sau biyu."

Na ce, "A janye maganar."

Ya girgiza kai. "Ta buga wa danginta waya kaf tun muna kan dutse. Ta je ta yi godiya inda take godiya. In na janye yanzu, da wane ido Maryam za ta dubi uwarta? Ki bari ya ɗan girma, in Allah ya yarda zai zo hutu."

Hutu. Tsibirin yana ta ƙanƙancewa a bayanmu har matar tagullar ta zama kamar tsinke. Abin mamaki, a dawowar nan ko jiri ban ji ba.

Sauran kwanakina a Yiwu ba abin faɗa. Na daina mayar da shi in an miƙo mini, amma aikin gama ya gama. A filin jirgi Waifo ta cusa mini ledar citta da ɗan kwalbar man nan mai yaji. Yayansu bai buɗe hannuwa ba wannan karon, ya durƙusa ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Yaya Asabe kaɗai na gaya wa da baki. Tana kwance ta ji labarin har ƙarshe, ta juya fuska bango ta ce, "Ƙugun nan nawa ya cuce mu."

To, Maman Blessing, ga labarin ruwan. Katifar da kike tambaya ko ta wace baƙuwa ce, yanzu kin sani. An yaye shi a watan jiya. An turo mini bidiyo: wata gona mai koren ganye, tsohuwar tana tsinkar wake, yana bayanta a cikin majanyina yana barci, jan zaren yana hannunsa. Ta iya ƙullin, ba laifi.

Na kalla har wayar ta yi zafi, sannan na kira shi. Da ya ɗauka ban ce an wuni lafiya ba. Sunansa na kira, sunan yanka, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna.

Can ya ce, "Umma? Lafiya? Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba wanda ya rasu. Ina son yaron nan. Ina so a kawo mini shi."

Na ji numfashinsa, da hayaniyar kasuwa a bayansa, wani yana kiransa da yarensu.

Ya ce, "Na ji, Umma. Amma yana can wurin Waifo."